Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Yadda Ake Ƙidayar Jama'a Da Gidaje

Jawabin da ɗaya daga cikin marubutan wannan jarida ya gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a Maraɗi. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi.



 An ba ni magana a kan ƙidayar jama'a da gidaje: yadda ake yin ta, da yadda ake sarrafa abin da aka tattaro har ya zama alƙalumman da muke ji a rediyo. Zan faɗe ta da harshen da muke ciniki da shi.

Kowane mai shago ya san cewa in shekara ta ƙare sai ya rufe ƙofa ya ƙirga kayansa, buhu-buhu, kwali-kwali. Wanda ya ƙi yin haka zai yi ta saye da sayarwa a kan zato, har ranar da zai tarar uwar kuɗi ta narke. Ƙasa ma haka take. Majalisar Ɗinkin Duniya ta shawarci kowace ƙasa ta ƙirga mutanenta aƙalla sau ɗaya cikin shekara goma. A Nijar, ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da dubu 100. Ta 1988, miliyan 7 da dubu 250. Ta 2001, miliyan 11 da dubu 60. Ta watan Disamba 2012, miliyan 17 da dubu 138. Tsakanin biyun na ƙarshe jama'a ta riƙa ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, gudun da ke ninka al'umma cikin shekara 18 ko kusa da haka. Ƙidayar 2012 ta kuma nuna cewa fiye da rabinmu ba su kai shekara 15 ba, kuma jahohin Damagaram, Maraɗi da Tawa kowace ta haura miliyan 3. Wa'adin shekara goma ya cika a 2022 ba tare da an sake ƙirgawa a shekarar ba.

Tsoron da muka gada

Kafin in shiga yadda aikin yake, dole in taɓo dalilin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari da mai littafi da alƙalami. A zamanin Turawa, in kumandan ya sauka gari ya ce a fito a ƙirga, kowa ya san abin da zai biyo baya: lanho a kan kowane kai, jangali a kan kowace dabba, ɗibar samari zuwa soja da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Don haka aka riƙa tura samari daji, ana ɓoye yara bayan rumbu. Kakanninmu ba su yi wauta ba, kansu suka kare. Sai dai tsoron ya rayu bayan dalilinsa ya mutu.

Ku bambanta abu uku da ake yawan haɗawa. Akwai rajistar iyalai da hukumomin gunduma ke yi tare da sarakuna da masu gari, wadda ta shafi haraji. Akwai rajistar masu zaɓe, wadda ta shafi masu jefa ƙuri'a kawai. Sannan akwai babbar ƙidayar jama'a da gidaje, wadda ta haɗa jariri da tsoho, ɗan ƙasa da baƙo. Ita wannan tana hannun Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, da aka kafa a 2004, kuma doka ta hana a yi amfani da amsar mutum don haraji ko shari'a. Alhaji, abin da ka gaya wa mai ƙidaya ba zai je wurin masu patanti ko ƴan duwan ba. Sunanka ma ba ya fitowa a sakamako; lamba ce ke fitowa.

Tun ran gini, tun ran zane

Abin da jama'a ke gani shi ne mako biyu ko uku na yawon gida-gida. Amma aikin yana farawa shekara biyu ko fiye kafin nan. Da farko gwamnati ta kafa doka, ta naɗa ofishin ƙidaya, ta nemi kuɗi. Daga nan sai aikin taswira: a tura ƙungiyoyi su bi ƙasa gari-gari, tunga-tunga, rugga-rugga, su rubuta sunan kowane wuri da rijiyarsa da makarantarsa da kasuwarsa, su kimanta yawan mutanensa. Da wannan ake yanka ƙasa ƙanana-ƙanana, kowane yanki na mutum dubu ko kusa da haka, daidai abin da mai ƙidaya ɗaya zai iya gamawa cikin wa'adi. Nan ne tushen komai. Tungar da ba ta hau taswira ba, babu wanda za a tura mata, kuma sai ta jira ƙidaya ta gaba kafin hukuma ta san da ita.

Bayan taswira sai ƙidayar gwaji a wasu zaɓaɓɓun yankuna, don a ga ko tambayoyi suna fahimtuwa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci da sauran harsunanmu, a kuma auna tsawon lokacin da gida ɗaya ke ci. Sannan a ɗauki dubban masu ƙidaya, galibi malaman makaranta da ɗalibai, a horar da su. A kan kowane ƴan ƙalilan akwai shugaban ƙungiya mai duba takardunsu kullum, a kansa kuma akwai mai sa ido.

A ƙofar gida

Mai ƙidaya yana fara zagaya yankinsa da mai unguwa, yana rubuta lamba a jikin kowace ƙofa. Kada ku bar yara su goge ta. Sai ya dawo ya bi iyali-iyali. Iyali a wurinsa shi ne mutanen da ke zaune tare, suna cin tukunya ɗaya, suna ƙarƙashin mai gida ɗaya. Saboda haka gida mai zaure ɗaya zai iya ƙunsar iyali huɗu, idan ƴaƴan tsoho sun raba tukunya.

Kowane mutum yana faɗawa ɗaya cikin matsayi uku: mazauni da ya kwana gida a daren da aka ɗauka ma'auni, mazauni da ba ya nan, da baƙo. Ma'aunin zama shi ne wata shida. Wanda ya tafi saro kaya Kano ko Kwatano na mako biyu, ana rubuta shi a gidansa. Wanda ya yi shekara uku a Libiya, ba a sa shi cikin mazauna, ko da kullum yana aiko kuɗi. Wannan ƙa'ida ce ke hana a ƙirga mutum sau biyu.

Ana tambayar jinsi, shekaru, wurin haihuwa, aure, karatu da sana'a. Ana tambayar mata haihuwar da suka yi da ƴaƴan da suka rayu. Ana tambayar rasuwar da aka yi cikin wata goma sha biyu da suka wuce. Game da gida kuwa: bango na ƙasa ne ko siminti, rufi kwano ne ko ciyawa, daga ina ake ɗebo ruwa, da me ake haske, da me ake girki, akwai masai ko babu.

A nan al'adarmu take gwada mai ƙidaya. Mutane da yawa ba su da takardar haihuwa, sai su ce talatin, arba'in, hamsin. A takarda sai ka ga kamar mun yi alkawarin haihuwa a shekarun da ke ƙarewa da sifiri ko biyar. Maganin haka shi ne jerin abubuwan tarihi da ake ba mai ƙidaya: an haife ka kafin juyin mulkin Seyni Kunce na 1974 ko bayansa? Kana goye lokacin yunwar El Buhari ta 1984? Kin yi aure kafin taron ƙasa na 1991, ko shekarar da sefa ta faɗi, 1994? An haifi yaron nan kafin husufin rana na 2006? Ga kuma kunya: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, mace ba ta kama sunan miji. Na tuna a 2012 ina ɗalibi, da aka tambayi kakata yawan jikokinta sai ta ce ba a ƙirga kyautar Allah. Sai da muka zauna muka lissafa su ɗaki-ɗaki. Jinjiri sabon haihuwa, jaririn da ya rasu kafin suna, almajirin da ke kwana a zaure, yarinyar riƙo, matar da ke kulle kuma mijinta ba ya nan: su ne aka fi mantawa, kuma su ne suka fi bukatar likita da makaranta. Makiyaya sai an bi su rijiya da mashaya. Yau ga waɗanda rashin tsaro ya kora daga garuruwansu a Difa da Tilaberi, ga ƴan uwanmu na Zamfara da Sakkwato da suka sami mafaka a jahar Maraɗi tun 2019. Su ma suna shan ruwa, suna haihuwa, dole a ƙirga su.

Daga takarda zuwa alƙaluma

In an gama yawo, kowane mai ƙidaya ya haɗa jimillar yankinsa, maza kaza, mata kaza. Waɗannan jimilloli ake tarawa daga gunduma zuwa jaha zuwa Yamai a fitar da sakamakon wucin gadi cikin ƴan watanni. Kafin mutane su watse kuma sai a yi binciken bin sawu: a zaɓi wasu yankuna ta hanyar ƙuri'a, a tura sababbin ma'aikata su sake ƙirga su, a gwada suna da suna da na farko. Da haka ake sanin kashi nawa aka tsallake, kashi nawa aka maimaita. Babu ƙidayar da ba ta da giɓi a duniya. Ta ƙwarai ita ce wadda ta auna giɓinta ta faɗa.

Sauran aikin na ofis ne. A zamanin takarda, sai a kwaso katon-katon zuwa Yamai, a mayar da kowace amsa lamba: manomi lambarsa daban, tela daban, dillali daban. Masu buga kwamfuta su shigar da su, sannan a tace. Na'ura ce ke tono abin da hankali ba ya ɗauka: yarinya ƴar shekara takwas mai ƴaƴa biyar, ko ɗa da ya girmi ubansa. Masana su kuma auna sakamako da abin da aka sani: galibi ana haihuwar maza kimanin 103 zuwa 105 a kan mata 100, kuma yaran da aka ƙirga a ƙidayar baya ba za su ƙaru ba bayan shekara goma, sai in baƙi sun shigo. Daga ƙarshe a fitar da littattafai, har da kundin garuruwan ƙasa mai ɗauke da yawan mutanen kowane ƙauye. Ƙasashe irin su Burkina Faso a 2019 da Gana a 2021 sun bar takarda sun koma na'urar hannu, wadda ke ƙin amsa marar kan gado tun a ƙofar gida, tana kuma nuna inda mai ƙidaya ya tsaya. Ta rage lokaci ƙwarai, amma abin da aka gaya mata shi take rubutawa.

Sabuwar cuta

Jama'a, jiya cutarmu ɓoyewa ce, yau wata ta shigo: ƙari. Da aka gane cewa yawan jama'a ne ke kawo kujera da kaso, sai kowa ya so garinsu ya kumbura. Kujerun majalisar dokoki sun tashi daga 83 a 1993 zuwa 113 a 2004, zuwa 171 a 2016, kuma rabon su tsakanin jahohi bisa yawan jama'a aka yi shi. Mu dubi maƙwabciyarmu. Najeriya ta soke ƙidayar 1962, an yi ta gardama a kan ta 1963, ta 1973 kuma aka jefar da ita a 1975, duk saboda kowane ɓangare yana zargin ɗan uwansa da zuba ruwa a nono. Ƙasar da ba ta yarda da alƙalumanta ba, duk rabon da ta yi sai ya zama rigima.

Kowane ɗayan biyun asara ne. Garin da ya ɓoye yaransa za a aiko masa allurar rigakafi ƙasa da bukatarsa, ajin mutum hamsin ya cika da ɗari. Garin da ya ƙara kuwa ya ci rabon maƙwabcinsa. Kai kuma ɗan kasuwa da ke son kafa shago ko injin niƙa, kai ma'aikaci da ke lissafa tiya nawa ta hatsi gunduma ke bukata kafin damina, dukanku da mudun ƙidaya kuke awo. In mudu ya lotsa, duk awon ya ɓaci.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu. Masu gari da masu unguwa su tabbatar kowace tunga ta hau taswira tun kafin ranar aiki. Masu gida su buɗe ƙofa, su bar mata su amsa abin da ya shafi haihuwarsu, hukuma kuma ta ɗauki mata masu ƙidaya da yawa. A biya masu ƙidaya haƙƙinsu a kan lokaci, domin mai yunwa a gindin bishiya yake cika takarda. Sannan mu ƴan jarida da ku masu biyan haraji mu nemi a buga sakamakon binciken bin sawu tare da sakamakon ƙidaya, jaha-jaha, don kowa ya ga giɓin da idonsa.

Magabata sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ran da mai ƙidaya ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a faɗi kowa, kada a rage jinjiri, kada a ƙara wanda babu shi.

 Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.