Ƙurar Asbesto da Ciwon Daji

Yau zancenmu a kan asbesto ne. Da yawanku kun san shi a silin ɗaki, da wani irin rufi mai kama da kwano amma na siminti. Asalinsa dutse ne da a ke haƙowa a ƙasa, yana da zare-zare, wuta ba ta cinsa. Shi ya sa aka riƙa sa shi har a bututun ruwa da birkin mota.

In yana zaune lafiya lau, ba a taɓa shi ba, hatsarinsa kaɗan ne. Amma in kafinta ya sa masa zarto, ko ya tsufa ya fara marmashewa, sai ƙura ta tashi. Zarenta ya fi gashi siranta nesa, ido ba ya ganinsa. In an shaƙa, wani ya maƙale a huhu, tari ba ya fid da shi.

Mutum zai yi shekara 20, ko 40, yana nomansa, sa'an nan ciwo ya fito. Akwai dajin huhu, kuma mai shan taba ya fi kowa shiga hatsarinsa. Akwai na maƙogwaro, da na ƙwan mace. Amma wanda aka fi sanin asbesto da shi, shi ne dajin tantanin da ya lulluɓe huhu ko hanji. Likitoci na ce masa mesotiliyoma.

A Afirka ta Kudu, inda a ke haƙar asbesto a da, an yi ta ba waɗansu marasa lafiya maganin tarin fuka, ba sauƙi. A 1960 wani likita, Wagner, da abokan aikinsa suka bayyana cewa ƙurar nan ce. Cikinsu har da waɗanda ba su taɓa aikin ba, kusa da mahaƙar kawai suka zauna. Ƙasar ta hana asbesto a 2008.

To, ga alamu. Numfashi ya riƙa yankewa ko da ɗan tafiya kaɗan, ƙirji na ciwo, tari ya ƙi ƙarewa, mutum na ta ramewa. Wani ruwa ya taru masa a ƙirji, wani ciki ya kumbura. Wanda ya ga haka ya je asibiti, ya gaya wa likita aikin da ya taɓa yi, ko da tun yana saurayi ne.

Tsohon silin da ya fashe kuwa, kada a share shi a bushe. A yayyafa ruwa tukuna, a kori yara daga wurin. Rigar aikin ma kada a kai wa uwargida ta kakkaɓe.