Lambar Yabon 'Yan Jaridar Hoki: Me Ya Kamata A Auna?

Yau za mu leƙa Kanada, inda wasan hoki na kan ƙanƙara yake kamar ƙwallon ƙafa a wurinmu.

A Toronto akwai gidan tarihin gwarazan wasan, Hockey Hall of Fame. Tun 1984 suke karrama 'yan jarida da lambobi biyu. Ɗaya tana ɗauke da sunan Elmer Ferguson, tsohon marubucin wasanni na Montreal, ana ba masu rubutu a jarida. Ɗayar kuma ta Foster Hewitt ce, ta masu sharhi a rediyo da talabijin. 'Yan uwansu na sana'a ne suke zaɓe. Sai a 2005 mace ta fara samun ta Ferguson, wato Helene Elliott ta jaridar Los Angeles Times.

To, tambayata ita ce: wane aiki ne ya fi cancantar a karrama?

Ku saurari wannan. A 2010 wani matashin ɗan wasa, Kyle Beach, mai shekara 20, ya kai ƙara cewa wani kocin ƙungiyar Chicago Blackhawks ya ci zarafinsa ta hanyar lalata. Shugabanni suka ji, suka ja ƙafa saboda suna neman kofi. Shekara 11 maganar tana binne. A 2021, bayan ya shigar da ƙara kotu, 'yan jarida irin su Rick Westhead na tashar TSN suka yi ta bin lamarin. Binciken lauyoyi ya tabbatar da sakacin, hukumar NHL ta ci ƙungiyar tarar dala miliyan 2, babban manaja Stan Bowman ya ajiye aiki. A hirarsa da Westhead ne Beach ya fito ya bayyana kansa.

Ni da nake aiki da matasa, wallahi wannan ya taɓa ni. Yaron da makomarsa take hannun koci ba ya iya buɗe baki. Idan ɗan jarida ma ya yi shiru don kar a hana shi shiga ɗakin 'yan wasa, wa ya rage?

Mai iya bayyana daɗin wasa ya cancanci yabo, ban musa ba. Amma ina so masu zaɓe su riƙa sa irin wannan aiki a sikeli, domin abin da aka karrama shi ne 'yan baya za su koya.

Ku faɗa mini ra'ayinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.