Yadda Na Koyi Tuƙa Jirgi Da Iska Bayan Na Warke Daga Farfaɗiya



An roƙe ni in yi magana a kan kula da marasa lafiya a cikin ikkilisiya. Da farko na shirya darasi, amma daga baya na ga gara in ba ku shaida, gama akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa, har waɗanda muka yi makarantar tauhidi tare ba su sani ba. Ni da nake tsaye a gabanku na yi shekara 12 ina fama da farfaɗiya.

An haife ni a wani ƙauye a bakin tafkin Kainji, ta wajen Yawuri, shekaru kaɗan bayan an gama madatsar ruwan a 1968. Mahaifina masunci ne. A wurinmu yaro yakan iya riƙe filafili tun kafin ya iya karatu. Ina shekara takwas, a 1979, sanƙarau ya kama ni. Allah ya tashe ni, amma bayan 'yan watanni sai na fara faɗuwa. Daga ranar mahaifina ya kafa mini doka: kada ƙafata ta sāke taɓa kwale-kwale. Tsarana suna tafiya su da asuba, ni kuwa ina zaune a tudu ina gyaran taru tare da tsofaffi.

Ina so ku lura da kyau, gama abubuwa biyu aka yi mini, ɗaya daidai ne, ɗaya kuskure. Hana ni ruwa daidai ne. Wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna cewa haɗarin nutsewa ga mai farfaɗiya ya ninka na sauran mutane sau 15 zuwa 19. Mahaifina bai san wannan lissafi ba, amma ya san ruwa. Kuskuren shi ne ƙwaryar da aka ware mini. Ba a ci da ni, ba a sha da ni. In na faɗi sai a watse, wai kada yawuna ya taɓa wani. Har a majami'a, bencin da nake zama akwai wuri dama da hagu, ko da ɗaki ya cika maƙil.

'Yan'uwa, ba a ɗaukar farfaɗiya. Ba ta bin yawu, ba ta bin numfashi, ba ta bin kwano. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, inda saƙonnin da ke gudana a cikinta sukan rikice na ɗan lokaci. Abubuwan da ke kawo ta mun san su a garuruwanmu: doguwar naƙuda da ke wahalar da jariri, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, rauni a kai irin na haɗarin babur, da ƙwan tsutsar ciki ta alade da ke shiga jiki ta ƙazantaccen abinci ko ruwa ya je ya zauna a ƙwaƙwalwa. Wasu kuma ba a gano dalilin tasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon an ba su maganin da ya dace.

A 1985 wata ma'aikaciyar jinya ta sa aka kai ni asibiti, aka ɗora ni a kan fenobabiton, ƙwaya ƙarama mai araha. Faɗuwar ta ragu ƙwarai. Amma a 1991 na je wani taron farkaswa, aka yi mini addu'a, aka ce in da gaske ina da bangaskiya in zubar da magani. Na zubar. Bayan kwana tara na faɗi kusa da murhu. Ga tabon a hannuna na hagu, waɗanda suke gaba suna iya gani. Ban tsaya a nan don in zargi kowa ba, ni ma na yarda da abin da aka faɗa mini. Amma daina maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya kawo jijjiga mai tsawo da ke kisa. Na koma shan magani kullum ba fashi, kuma wannan ce faɗuwata ta ƙarshe. A 1998 likita da kansa ya riƙa rage mini shi kaɗan kaɗan har ya tsayar. A bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta fitar a 2014, wanda ya yi shekara 10 bai faɗi ba, biyar na ƙarshe ba tare da magani ba, ana lissafta ciwonsa ya wuce.

Jiki ya warke, amma tsoro bai warke ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na zama fasto, na yi wa mutane baftisma ina tsaye a inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Akwai 'yan'uwa kaɗan a wani tsibiri da ke ƙarƙashin kulawata. Shekara shida ina aika musu mai bishara, ina cewa aiki ya yi mini yawa. Wata tsohuwa a cikinsu ta aiko sau biyu tana so in kai mata jibin Ubangiji. Ta rasu ban je ba. Wannan abu ya tsaya mini a rai, gama na san ba aiki ne ya hana ni ba.

A 2018, ina shekara 47, na je na sami likita na tambaye shi ko zan iya shiga jirgi. Ya ce zan iya, da sharaɗi uku: kada in shiga ni kaɗai, in sa rigar da ke hana nutsewa kowane lokaci, kuma kada in shiga ranar da ban sami barci sosai ba. Daga nan na je wurin wani dattijo Basarke, Musulmi, abokin mahaifina. Yana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu ɗaga tanti a kwale-kwale, tanti na buhunan da aka farke aka ɗinke, a ɗaure shi a gora iska ta tura jirgi. Na faɗa masa tarihina duka. Ya ce, "Malam, ai ni na ɗauke ka ranar da ka fara faɗuwa a bakin ruwa. Gobe ka zo da sassafe."

Ranar farko ba mu je ko'ina ba. Ya sa na shiga na fita, na shiga na fita, har ƙafata ta san tsakiyar jirgi. Sati na biyu ya ba ni filafili in riƙe a baya, gama shi ne linzamin jirgi. Sai a sati na uku ya ɗaga tanti ya ba ni igiya. Na kama na nannaɗe ta a hannu don kada ta kuɓuce. Ya daka mini tsawa: "Kwance! In iska ta buga da ƙarfi igiya tana ɗaure a hannunka, jirgi zai kife da mu. Riƙe ta yadda za ka iya saki." Ya koya mini duban fuskar ruwa, inda ya yi duhu yana ƙananan tuddai iska ce ke zuwa. Ya nuna mini wuraren da kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye suke laɓe a ƙarƙashi. Ya kuma gaya mini gaskiyar irin jirginmu: ba ya tafiya gaba da iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas takan kai ka, amma dawowa sai da ƙarfin hannu, ko ka jira ta juya.

Wata rana iska ta buge mu a tsakiya, jirgi ya karkata, ruwa ya shigo. Zuciyata ta buga, na ji kamar tsohon ciwon ne zai dawo. Na ce, "Baba, zan faɗi." Ya ce, "Saki igiya, ɗauki ƙwarya ka kwashe ruwa." Na saki, na kwashe. Ban faɗi ba. Bayan wata huɗu na isa tsibirin nan da hannuna a kan filafili, shi yana zaune a gaba. Na yi sujada da su, na je na tsaya a kabarin tsohuwar.

Kada matashi ya ji wannan ya ce Fasto ya ce a shiga ruwa. Wanda har yanzu yake faɗuwa kada ya yi wanka a kogi, kada ya je ɗiban ruwa shi kaɗai, kada ya leƙa rijiya ko ya hau itace, kada a bar shi shi kaɗai a gaban wuta. Masu lafiya ma ruwa ba ya raga musu. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayu 2021 ba, da yawan rayukan da suka tafi. Rigar hana nutsewa ta kowa ce.

A Markus sura 9 akwai mahaifin da ya kawo ɗansa, wanda abin yakan jefa shi cikin wuta da cikin ruwa. Ni na san wuta, na kuma ji tsoron ruwa, don haka na daɗe a kan wannan nassi. Ku lura Ubangiji ya tambayi uban tun yaushe abin ya fara, ya saurare shi. Bayan haka ya kama hannun yaron ya tashe shi. Luka ya ƙara da cewa ya mayar da shi ga mahaifinsa. Ku duba kuma Matiyu 4:24, za ku ga an ambaci masu farfaɗiya daban, masu aljanu daban. Saboda haka kada mu yi saurin sa wa kowane mai faɗuwa sunan da zai bi shi har kabari.

Iyayena dattawa, ga roƙona guda huɗu. Na ɗaya, in wani ya faɗi a sujada kada a gudu. A janye benci da duk abin da zai ji masa rauni, a sa zane a ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa ruwa ko mai. In jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Na biyu, mu yi addu'a, amma kada bakin wani shugaba ya ce a bar magani. Likita ne zai ce. Na uku, a sa kuɗin maganin irin waɗannan a cikin baikon taimako, gama yawanci rashin kuɗin wata ɗaya ne ke mayar da mutum baya. Mace mai shan maganin kuma ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin wasu magungunan suna cutar da jariri. Na huɗu, ku koma gida ku bincika. Na tabbata a ikkilisiyoyinmu akwai yaron da aka cire daga makaranta, akwai yarinyar da aka fasa aurenta, akwai wanda ake rufewa a ɗaki ranar Lahadi. Ku je ku ci abinci da su a kwano ɗaya, a gaban mutane.

Dattijon da ya koya mini ya tsufa, ba ya shiga ruwa yanzu. Jikansa ne ke zama a gaba, gama har yau ba na shiga ni kaɗai. In Allah ya kai mu hunturu, duk wanda yake so ya ziyarci 'yan'uwanmu na tsibiri ya zo da rigarsa, akwai wurin mutum biyu.

Ubangiji ya albarkace ku. Amin.