Takardunmu Su Zauna a Hannunmu

 

An ce mu 'yan kwamitin rubutu mu ba da bayanin kwamfutar da munka saye da kuɗin ƙungiya. To ga shi, ba ƙari ba ragi.

Kun tuna gobarar babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021. Ba kaya kaɗai wuta ta ci ba, har da littafin adashinmu. Wata uku muna gardamar wa ta zuba, wa ta kwasa. Tun rannan munka ƙudurta lissafinmu ba zai sake kwana wuri guda ba.

Da fari shagon buga takardu muke zuwa. Kowane shafi da kuɗinsa, kuma yaron shago ya karanta wa ake bi bashi da nawa. Asirin mace kuwa ba kayan talla ba ne. Shi ya sa munka sayi kwamfuta ta hannu, munka aje ta ɗakin sakatariya.

Nan munka yi karo. Mai sayarwa ya ce akwai Microsoft Word a ciki. Ashe ba a biya lasisinta ba. Daren da za mu gyara takardar neman rance, sai ta ƙi: ka buɗe ka karanta, amma ba ka ƙara ko harafi guda. Notepad da ke ciki kuwa ba ta ja maka layukan lissafi. Wallahi daren nan barci bai gan mu ba.

Wani ya ce a kawo ya sa muna ta sata. Munka ce a'a. Mu da ke hana algus a mudu, ba mu aza amanar mutane bisa kayan sata.

Ɗiyar malamarmu ta nuna muna hanya biyu. Ko mu biya Word ta halal, ko mu sauko da LibreOffice, wadda masu ita sunka bayar kyauta ga kowa. Munka ɗauki ta biyu. Sau guda za ka kashe data, daga nan tana aiki ba intanet, kuma halal ne a kwafe ta a filashi a sa wa maƙwabta. Akwai Writer ta wasiƙa, akwai Calc ta lissafi. Aibinta guda da munka gani: wani lokaci in an buɗe takardar a Word, layuka kan goce. Don haka wasiƙar banki a PDF muke aika ta.

Sai maganar haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Kada ku raina su. An taɓa rubuta muna "an bata kudi". Wasu sunka karanta an ba ta, wasu an ɓata. Saura kaɗan zumuncin shekara 10 ya watse kan ƙugiya guda! Yanzu mun kunna allon rubutun Hausa da ke cikin Windows, kowane harafi da lanƙwasarsa.

Roƙonmu uku ne. Duk wadda za ta saye wa gidanta kwamfuta, ta tambayi lasisi kafin ta miƙa kuɗi. Na biyu, a riƙa adana aiki akai-akai, don wuta ba ta sallama in za ta tafi. Na uku, a yarda muna filashi biyu, ɗaya wurin uwar ƙungiya, ɗaya wurin ma'aji.

Iyayen yara, ku bar ɗiyanku su zauna kusa da mu ran Asabar bayan la'asar. Su koya muna latsawa, mu koya musu riƙon amana.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a sana'armu.