Jawabi Ga Mutanen Zugurma Mazauna Kudu A Kan Rufin Ɗakunan Gida

Wannan jawabi domin mutanen ƙasar Zugurma ne, da sauran 'yan'uwa na masarautar Kontagora, waɗanda neman abinci ya kai su Agege da Idi-Araba a Ikko, da unguwar Sabo a Ibadan, da Fatakwal. Maganar kuwa a kan rufin ɗakunan da suka baro iyaye da iyali a ciki ce.

Kowa ya san damina takan faɗi da wuri a Zugurma, tun cikin watan Afrilu, ba ta kuma ɗaukewa sai Oktoba. Ruwan fari kuwa da iska mai ƙarfi yake tafe, ita ce ke yaye rufin gida cikin dare ɗaya.

A da, jinka aikin ƙarfi ce, ba ta cin kuɗi. Da kaka magidanci da ƙannensa su yanko ciyawa, su yi shuci, su ɗaure tsaiko da gora ko tukurwa, a yi gayya a ɗora. Yau masu ƙarfin suna Kudu. Har wa yau, dajin da ke daf da garin gandu ne, wanda a 1979 aka haɗa shi da na Borgu suka zama Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, doka kuwa ta hana saran itace a cikinsa. Saboda haka jama'a suka koma ga kwano, nauyin sayensa kuma ya hau kan wanda ke nesa.

To, a nan kuskuren yake. Mutum yakan tara guminsa ya aika kuɗin bandir uku ko huɗu, kowane bandir falle 20, ya ɗauka ya sauke nauyi. Kuɗi sun ƙare a kwano, sai kafinta ya nemi katako mafi araha, watau ɗanyen malaina. Kafin shekara ta kewayo katakon ya bushe ya motse, ƙusa ta yi sako-sako, gara kuma ta biyo bango ta shiga aikinta. Ran da iska ta sami ƙofa ta ƙarƙashin baki, sai ta ɗauke kwano da katako gaba ɗaya, domin tun farko ba a ɗaure su da gini ba. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake jibgawa bisa rufi shaida ce cewa masu gida sun san halin da suke ciki.

Lalle ne mai aika kuɗi ya sa sharaɗi. A sayi busasshen katako a shafe shi da baƙin mai, in kuwa an sami azarar namijin giginya ta fi, don gara ba ta cinta da sauƙi. A ɗaure katakon da waya ko ƙarfe har cikin bango. A buga ƙusa mai hula a kan tudun kwano, gama wadda aka buga a kwarinsa ita ke kawo yoyo.

Yoyo kuwa ba abin rainawa ba ne a ginin ƙasa. Ɗigon da tsohuwa ke tarewa da ƙwarya, ba ta ko faɗi don kada ta tayar wa ɗanta hankali, shi ne ke jiƙa kan bango har ya zube cikin Agusta, sau da yawa mutane na barci.

Lokacin gyara Janairu da Fabrairu ne, sa'ad da ƙasa ta bushe, magina kuma ba su shiga gona ba. Wanda bai sami zuwa ba ya yi waya, ya sa wani ƙane ya shiga kowane ɗaki da rana tsaka, ya rufe ƙofa da taga, ya ɗaga kai. Duk inda ya ga haske, nan ruwa zai biyo.

Allah ya kai mu damina lafiya, amin.