Taswirar Kabo da Hannun Ɗan Kabo

Iyayenmu, malamai, da ku ɗalibai masu sha'awar zane, yawancin maganata da ku nake yi yau.

A shekarar 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a Sakkwato. Kafin ya koma, an zana masa taswirar ƙasar Sudan, wato wannan yanki namu, a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da sunayen garuruwa cikin Larabci, aka buga ta a Landan a 1826. A wannan taswira Kogin Kwara ya miƙe gabas ne, ya nufi Masar. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin a kwalekwale har ya kai su teku ta kudu. Masana tarihi sun yi ta ja-in-ja: abin da fatake suka kawo ne aka zana, ko kuwa an ɓoye wa baƙo hanya ne da gangan? Ko wanne ne, hannun mutum ne ya ja layin, da saninsa da niyyarsa. A 1851 kuma Heinrich Barth ya zagaya Kano yana zana ganuwa da ƙofofi da Dala, amma da idon baƙo.

To, mu dawo gida. Buɗe taswirar da ke cikin wayarka ka nemi Kabo. Za ka ga titin Kano zuwa Gwarzo ya ratsa ta Rimin Gado, ka ga ɗigo an rubuta Garo, wani ɗigon Kabo, sauran duk fili. Alhali a filin nan ne aka haife mu. Tauraron ɗan adam bai san tsamiyar da 'yan kasuwa ke hutawa a gindinta ba. Bai san burtalin da Fulani ke bi da shanu ba, balle fadamar da ake noman rani, ko mashigin rafin da babur ba ya iya ƙetarawa a watan Agusta.

Wannan aikin mai zane ne, kuma ba sai gwamnati ta ba da kwangila ba. Ka ɗauki littafi da fensir, ka taka da ƙafarka daga Kabo zuwa Durun, ko Gude, ko Masanawa. Ka zauna da dattawa su faɗa maka sunayen gonaki da tsofaffin rijiyoyi, domin sunayen nan suna tafiya tare da masu su. Wurin da ya cika maka ido, zana shi babba, ko da ma'auni bai yarda ba. Gefen takardar kuma ka ƙawata shi da dagi da irin zanen da iyayenmu mata ke yi wa ƙwarya.

Ina roƙon shugabannin makarantunmu su ware bango ɗaya, su ba yaran nan fenti. Masu unguwanni kuma, in kun ga yaro yana yawo da takarda yana kallon itatuwa, a taimaka a nuna masa hanya.