Biskit ɗin cuku, ba ruwansa da sukari

A Ingila da Faransa akwai biskit ɗin da ko ƙwayar sukari ba ya gani. Cuku ne da ganyen ƙamshi, ana tarbar baƙo da shi kafin abinci ya sauka.

Duk daɗinsa yana ga cuku mai tauri, wanda ya daɗe a ajiye har ya yi ƙarfin ɗanɗano. Mutanen Ingila sun fi son Cheddar, mai sunan wani ƙauye a yankin Somerset. Wasu kuma sai Parmigiano Reggiano na Italiya, wanda ƙa'idarsa ba ta yarda a sayar da shi ba sai ya cika wata 12. Cuku mai ruwa kuwa, ɓata kwaɓin kawai yake yi.

Uwargida takan murza man shanu mai sanyi cikin fulawa da yatsu, ta zuba gogaggen cuku da tayim, da ɗan barkono in gidan masu son yaji ne. Sai ta mulmula kwaɓin ya yi tsawo, ta sa a firji rabin awa don kada ya baje a wuta. Daga nan ta yanka sirara, ta gasa a zafin digiri 180, minti 12 zuwa 15. Gishiri dai kaɗan take sawa, don cukun ma da nasa.